Jarida ta daina tono, waya ta cika gari: wa zai bi mana sawun kuɗin kwangila?

Ɗan Adar, Tahoua

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga waɗanda suka san aikin jarida a Nijar ciki da bai. A da in jaridar mako ta iso Tahoua daga Yamai, akan sami labari guda da aka yi wata da watanni ana tono shi, ga hoton takarda, ga lambar kwangila, ga sunan wanda ya sa hannu. Mai faransanci ya karanta ya fassara wa ƴan fada, a kwana uku ana muhawara a kan shayi. Yanzu mafi yawan shafukan, daga buɗe taro sai rufe taro sai sanarwa. A ɗaya gefen kuma kowa da wayarsa. Aji ya rufta, kafin minti goma bidiyo ya zaga gari. Magani ya yanke a asibiti, ga murya a WhatsApp. Amma bayan kwana biyu magana ta mutu, ba a san wa aka ba kwangilar ba, nawa aka biya shi, wa ya karɓi aikin.

To me ya kashe binciken jaridu, rashin kuɗi ne ko tsoro? Na biyu, a ce matasan wani gari suna da ginin aji uku da aka kai shi bakin taga aka watsar, shekara ta zagayo yara na karatu a rumfar zana. Wace hanya za su bi daga bidiyo zuwa hujja, ba tare da sun kwana a komisariya ba?

Baba Edita, Yamai

Wa alaikumus salam, ɗana. Duka biyun ne, amma kuɗin ya fi ɓarna, don tsoro dama can akwai shi. Tun da jaridar Haské ta fito a 1990, Le Républicain ta biyo baya a 1991, ba a taɓa samun zamanin da ɗan jarida ya yi tono hankalinsa kwance ba. A 2006 Le Républicain ta marigayi Maman Abou ta riƙa fito da bayanan badaƙalar kuɗin ilimin firamare, wadda kowa ya sani da MEBA. A watan Agusta na shekarar aka kama shi tare da Oumarou Keïta a kan wani labari daban da ya shafi firaminista, aka yanke musu wata 18, suka fito a Nuwamba. Ministocin ilimi biyu sun shiga hannu a kan badaƙalar, kuma a kanta majalisa ta kayar da gwamnatin Hama Amadou ranar 31 ga Mayu 2007. Ka ga ana ɗaure mutum a lokacin, amma jaridar ba ta fasa fita ba. Abin da mutane ke mantawa, Maman Abou yana da maɗaba'arsa ta kansa. Wanda injin bugu ke hannunsa, ba a shaƙe shi da bashin bugu.

Yanzu mu yi lissafi da alƙalami. A ƙaddara jaridar mako ta buga kofi 500, ana sayarwa dala 60, wato sefa 300. Ko an sayar duka, jika 150 ke nan, wato sefa dubu 150. Ba a sayarwa duka. A ce rabi ya dawo, saura jika 75. Yaran da ke yawo da ita a bakin danja da ƙofar ma'aikatu su cire nasu, a ce kashi ɗaya cikin huɗu, saura jika 56 da ƴan kai. Mai maɗaba'a kuma kafin ya kunna inji yake son kuɗinsa. A cikin wannan ragowar za a fitar da hayar ofis, da kuɗin wuta, da albashi. To ina za a samo abin da za a tura ɗan rahoto daga Yamai, ya bi Dosso da Dogon Dutsi da Ƙonni, kilomita wajen 550 zuwa Tahoua, ya yi kwana biyar, ya biya masauki da kabu-kabu zuwa ƙauye da fotokwafin takardu, ya dawo ya ce labarin bai nuna ba tukuna, sai ya sake komawa? Bincike guda yana iya cinye cinikin wata biyu, kuma yana iya ƙarewa babu abin bugawa. Sannan ga wani sabon rami: da asuba wani ya tura jaridar sukutum a WhatsApp, mutum dubu su karanta, ko dala ba ta shigo ba.

Saboda haka jarida da talla take rayuwa, masu talla kuma a ƙasar nan ƙidayayyu ne: ma'aikatun gwamnati, kamfanonin waya, bankuna, ƙungiyoyin agaji. Su ne kuma waɗanda ya kamata a bincika. Ba sai an kai ka kotu ba, a janye maka rabin shafi na talla wata uku ya isa. Shi kuma ɗan rahoton da ba shi da albashi tsayayye, abin da ke ciyar da gidansa shi ne ambulan ɗin kuɗin mota da ake rabawa a ƙarshen taro. Taro uku a yini ya fi masa bincike guda a wata, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba na zagin yaran, na san abin da suke ciki, amma nan ne aikin ya mutu.

Ba mu kaɗai ba ne. A Amurka ƙananan tallace-tallace na gidan haya da neman aiki da sayar da mota su ne ke riƙe da jaridun birane, intanet ta kwashe su. Tsakanin 2008 da 2020 ma'aikatan ɗakunan labarai na jaridunsu sun ragu daga wajen dubu 71 zuwa wajen dubu 31. Bambancin kawai, su suna da abin da za su rasa mai yawa. Mu jaridarmu tun asali da faransanci take, a ƙasar da waɗanda suka iya karatun boko ba su kai rabi ba, kuma da ƙyar take wuce Yamai.

Abin da ya ɓace ya wuce takarda. Editan da zai mayar maka da labarinka sau uku ya ce ina shaida ta biyu. Ɗaurin tsoffin jaridu da za ka buɗe ka ga wannan kamfani an taɓa ba shi aiki shekara biyar baya bai gama ba. Sunan gida da zai sa darakta ya ɗaga waya in ka kira. Dubi 2020. Rahoton binciken sayen kayan soja, mai maganar sefa miliyar 76, ta shafukan sada zumunta ya fara yawo hannu da hannu. Amma bin sawun kamfanonin, wa ke da su, ta wane banki kuɗi suka bi, wannan sai da Moussa Aksar na L'Événement da ƙungiyoyin bincike na waje irin su ICIJ da OCCRP suka zauna a kan takardu. Haka a Fabrairun 2017, Le Courrier ce ta buga takardun miliyar 200 na cinikin uraniyom har majalisa ta kafa kwamiti. Waya tana da saurin kai labari, amma zaman watanni a kan takarda sai wanda ake biya ya zauna.

Malam Mai Awo, Ƙonni

Baba ya gama da ta farko. Ƙanena, bari in ɗauki ginin nan naka, don a kwangilar gini komai yana barin sawu in an san inda za a duba.

Fara da allon da ake kafawa a bakin aiki. A kansa ake rubuta wanda ya ba da aikin, inda kuɗin suka fito, sunan kamfani, ofishin da ke sa ido, da wa'adi. A ɗauki hotonsa tun yana tsaye, don shi ne abu na farko da ke ɓacewa in aiki ya tsaya. In babu allon, shugaban makaranta da kwamitin iyayen yara galibi sun halarci ranar da aka miƙa fili, suna iya tuna watan da sunan mai aikin.

Daga nan sai Le Sahel. Mutane suna raina ta don jaridar gwamnati ce, amma a cikinta ake buga sanarwar neman ƴan kwangila da sakamakon wanda ya ci, wani lokaci har da kuɗin da kowane kamfani ya nema da dalilin da aka zubar da sauran. Ka nemi fitowar wata biyu zuwa shida kafin fara aikin. Abu uku kake so: lambar kwangila, jimillar kuɗi, da ko an yi takara ko hannu da hannu aka bayar. Da sunan kamfanin kuma za ka iya neman lambar rajistarsa ta kasuwanci, RCCM, da lambar harajinsa, NIF. Abin dubawa shi ne ranar da aka yi rajistar. Kamfanin da aka buɗe wata biyu kafin a ba shi aiki, alhali sanarwa ta ce sai mai ayyuka irin wannan a baya, tambaya ce babba.

Sai ka fahimci yadda ake biya, don nan ne masu bidiyo suke faɗuwa. Ba a ba ɗan kwangila kuɗi dunƙule. Akwai kafin alƙalami na fara aiki, galibi kashi 20 zuwa 30, wanda banki ke tsaya masa. Sauran ana biya ne daki-daki, kowane biya da takardar da mai sa ido ya sa hannu cewa aiki ya kai wuri kaza. Ana riƙe kashi 5 har sai an yi karɓa ta ƙarshe, shekara guda bayan karɓa ta wucin gadi. Saboda haka tambayar da za a yi ita ce: kashi nawa aka biya, kashi nawa aka gina? Ginin da ya tsaya bakin taga, babu linta, babu rufi, babu ƙofofi, babu daɓe, babu shafe, bai kai rabi ba. In takarda ta ce an biya kashi 80, to akwai wanda ya sa hannu a kan abin da bai gani ba, kuma sunansa yana ƙasan takardar. In kuwa kashi 20 kawai aka biya, ɗan kwangila ne ke bin bashi, kai kuma ka riga ka kira shi ɓarawo a gaban duniya. Wannan yana faruwa sosai. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 masu ba da tallafi da dama sun dakatar da kuɗi, iyakoki suka rufe, kayan gini suka yi tsada, ayyuka suka tsaya ba tare da kowa ya ci ko dala ba. Akwai kuma wanda ke cin kwangila ya sayar wa wani, wannan ya sayar wa na uku, kowa ya yanki nasa, mai ginin gaske ya karɓi abin da ba zai kai rufi ba.

Ingancin aiki kuma ana auna shi, ba a yi masa rantsuwa. Ku tafi da magini wanda ya san hannunsa da tef ɗin awo. Ku auna tsawo da faɗin aji, wanda galibi mita 9 ne da 7. Ku ƙirga sandunan ƙarfe da suka leƙo a kan ginshiƙi, ku duba kaurinsu a milimita, ɗan 8 ne ko ɗan 10 ko ɗan 12. Kankaren ginshiƙi da linta ƙa'idarsa kilo 350 na siminti a kowace mita kubik, wato buhu 7 na kilo 50. Bulon da aka ja buhu guda ya fitar da 50 ko 60, ƙusa kawai za ka goga masa ya zube kamar garin tuwo, kuma wannan ana iya nuna shi a bidiyo. Amma duk awon nan sai an gwada shi da takardar ƙiyasin aikin. In ita ta ce ɗan 10 kuma ɗan 10 aka sa, babu magana.

Yadda ake neman takarda: akwai dokar 2011-22 ta 23 ga Fabrairu 2011 da ta ba ɗan ƙasa damar ganin takardun hukuma. A rubuta wasiƙa gajera, a faɗi lambar kwangila da ainihin takardar da ake so, kar a ce "duk abin da ya shafi aikin". A yi kofi biyu, a kai sakatariya, a buga muku kashe, wato hatimin ofis, da kwanan wata a kan naku. Sau da yawa shiru za ku ji, amma kofin nan mai kashe shi ma hujja ne cewa kun tambaya. Ku tuna tun Afrilun 2024 an rusa majalisun ƙananan hukumomi, babu kansilan da zai tayar da maganar a zama, saboda haka wasiƙar ga wakilin da aka naɗa za ta tafi, kofi kuma ga ofishin ilimi na jiha.

Hajiya Mai Tantancewa, Yamai

Sannunku da ƙoƙari. Ni ta wajen bidiyon da muryar zan shiga, don rabin abin da ke yawo a wayoyinmu yana mutuwa ne saboda yadda aka ɗauke shi.

Mai ɗauka ya kwantar da wayar, ya fara daga abin da ba ya gusawa: allon makaranta, hasumiyar masallaci, tankin ruwa, dutsen kilomita a bakin hanya. Daga nan ya juya a hankali zuwa ginin ba tare da ya yanke ba, daƙiƙa 40 zuwa minti guda. Bidiyon da ya fara kai tsaye da bango rusasshe, kowa zai iya cewa na wata ƙasa ne. Kar a ɗora kiɗa, kar a ɗora rubutu a kan na asali. Kar a nuna fuskar yara. Faɗin rana da wuri da baki yana da amfani, amma murya sa hannu ce, a ƙaramin gari kowa ya san muryar kowa. Wanda ba ya so a gane shi ya rubuta kwanan wata a takarda ya nuna a farko.

WhatsApp yana matse hoto da bidiyo, yana share bayanan da ke ciki na rana da wuri. In ɗan jarida kake tura wa don ya tabbatar, ka tura ta hanyar aika takarda, wato maɓallin fayil, sai ya isa yadda yake. In kuwa jama'a za a saka wa, to wancan mai bayanan kar ya fita, don yana iya nuna irin wayar da inda aka tsaya. Na asali ya zauna a katin ajiya daban, ba a wayar da ake yawo da ita ba. Kuma kowa ya sani layin waya da katin shaidarsa aka yi masa rajista.

In kai aka turo wa, tambaya ta farko ita ce ganau ne ko jiyau. Ka bi baya: wa ya turo maka, shi wa ya turo masa. In ka yi taki uku ba ka kai ga wanda ya tsaya a wurin ba, ajiye shi. Kibiya biyu a saman saƙo alama ce ya bi hannaye da yawa. Ka ɗauki hoton allo na wurare uku a bidiyon ka saka a manhajar neman asalin hoto irin su Google Lens ko TinEye, sau da yawa za ka tarar da shi da tsohon kwanan wata. Sannan ka yi aiki da idonka na ɗan ƙasa, wanda ya fi kowace manhaja. An ce jiya ne a watan Maris amma ga ciyawa kore shar da ruwa kwance. An ce Madawa ne amma lambar mota ta Najeriya ce, ko kakin jami'in ba namu ba ne, ko Hausar da ake yi a baya ta Kano ce, babu ko alamar harshen Adar.

Murya ita ce mafi haɗari, don da Hausa take zuwa, tana shiga kunnen wanda bai taɓa riƙe jarida ba, kuma babu abin da za a saka a manhaja. Mutum ya yi sallama, ya rantse, ya ce ɗan'uwansa ma'aikaci ne a wurin. Babu suna, babu rana, babu gari. Irin wannan ba a tura shi gaba sai an kira mutum biyu a garin da ba su san juna a kan maganar ba. Mutum biyu da suka ji daga rukuni guda, shaida ɗaya ce.

Takardar hukuma da aka ɗauko a ɓoye kuma, hattara da wanda ya ba ka. Hoton yakan fito da teburinsa, da yatsansa, da rubutun hannu a gefe da ke nuna ofishin da kofin ya bi. A sake rubuta abin da ke ciki, ko a yanke gefuna. Ta jabu kuma ana gane ta da lamba da ba ta bi jerin sauran sanarwoyin makon ba, ko sa hannun wanda ya riga ya bar kujerar, ko kashe da ya zauna tsaf kamar an liƙa shi alhali rubutun ya karkace.

Ƴar Fada, Tahoua

Baba, da girmamawa, kar a rage wa waya daraja. Jaridun nan ko a lokacin ƙarfinsu, sau nawa suka zo Bouza ko Keita ko Abalak don rijiyar da ta lalace? Manyan badaƙalolin Yamai suke bi. Yau mace a ƙauye tana iya nuna layin jarka da harshenta, gwamna ya gani a ranar. Ko a Amurka, sanarwar farko da ƴan sanda suka fitar a kan mutuwar George Floyd a hannunsu a Mayun 2020 cewa ta yi rashin lafiya ce ta taso masa. Bidiyon yarinya ƴar shekara 17, Darnella Frazier, shi ya rushe wannan magana. Kuma da waya ba ta da ƙarfi, da ba a yanke intanet ɗin salula kwana goma ba bayan zaɓen Fabrairun 2021.

Metir (lauya), Yamai

Ƙanwata, gaskiyarki, kuma ƙarfin nan shi ya sa doka ta fi tsananta a kan waya fiye da takarda. Ɗan Adar, ga abin da ya kamata matasanku su sani kafin su danna.

Dokar ƴan jarida ta 4 ga Yuni 2010 ta cire ɗauri a kan laifin ɓata suna ta hanyar jarida. Amma abin da aka saka a Facebook ko WhatsApp yana faɗawa ne ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 3 ga Yuli 2019. A 2022 an sassauta ta, aka cire ɗauri a kan ɓata suna da zagi. A Yunin 2024 aka mayar da shi: shekara 1 zuwa 3 da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5 a kan ɓata suna ko zagi, shekara 2 zuwa 5 da tarar miliyan 2 zuwa 5 a kan yaɗa abin da ka iya dagula zaman lafiyar jama'a. A wannan na biyun, kasancewar labarin gaskiya ba ya wanke mutum. Kuma kalmar ita ce yaɗawa, saboda haka wanda ya tura gaba yana ciki. A Janairun 2022 an yanke wa Moussa Aksar da ƴar jarida Samira Sabou ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka a kan sake wallafa rahoton wata ƙungiyar waje game da fataucin ƙwaya, rahoton da ba su suka rubuta ba.

Masu shafi su lura da abin da wasu ke rubutawa a ƙasan saƙonsu. A Yunin 2020 Samira Sabou ta shiga kurkuku bayan ƙarar ɗan shugaban ƙasa na lokacin, alhali sunansa a sharhin wani mai karatu ya fito. Kwana 48 ta yi kafin kotu ta sallame ta ranar 28 ga Yuli. Duk sharhin da ya kira suna ya ce ɓarawo, a goge shi nan take, a rukuni kuma a gargaɗi mai shi.

Yadda aka jera magana shi ne rabin kariya. "Wane ya cinye kuɗin ajinmu" zargi ne da sai ka kawo takardar banki. "Allo ya ce wata 4, yau wata 14, gini yana bakin taga, mun rubuta wa hukuma ranar kaza, ga kofin, ba mu sami amsa ba" kuwa kowace gaɓa tana da hujjarta a hannunka. Kafin a fitar, a nemi ɗan kwangilar da wanda ya ba shi aikin, a rubuce, a ba su kwana uku zuwa mako, a saka amsarsu yadda suka faɗe ta. Ƴan waya sun fi tsallake wannan mataki, kuma shi ne alƙali ke fara tambaya. Ya fi kyau maganar ta fito da sunan kwamitin iyaye ko ƙungiya mai rajista fiye da sunan saurayi guda.

Abin da ya shafi tsaro, motsin sojoji, hari, adadin waɗanda suka rasu, musamman ta wajen Tillia da Tassara, wannan wani fage ne daban, kar a haɗa shi da maganar aji da rijiya. A 2024 editan L'Enquêteur, Idrissa Soumana Maïga, ya yi sama da wata biyu a tsare a kan labarin da ya taɓa wannan fage, shi da ke da jarida da lauya. In kuma takardar sammaci ta zo, a je, kar a ɓuya, a sanar da iyali, a tafi da lauya, a karanta abin da aka rubuta kafin a sa hannu. Wanda ba ya jin faransanci ya nemi a fassara masa layi-layi.

Baba Edita, Yamai

Ƴata, na karɓa, ƙauye bai taɓa samun rabonsa a jarida ba. Shi ya sa nake ganin a haɗa hannu biyun. Matasa su tara abin da Malam ya lissafa a fayil guda: hoton allo, shafin Le Sahel, awon magini, wasiƙa mai kashe, bidiyo na asali, da hoton wurin daga kusurwa guda kowane farkon wata. Ɗan jaridar da ba shi da kuɗin zuwa Tahoua, in aka miƙa masa wannan an rage masa kashi biyu cikin uku na wahala, saura kiran ma'aikatar a Yamai da bin sawun kamfanin. In kamfanin nan yana da irin wannan gini a gari uku, labari ya tashi daga na unguwa ya zama na ƙasa, kuma ƙungiyar ƴan jarida masu bincike ta CENOZO da ke Wagadugu, wadda aka sa wa sunan marigayi ɗan jarida Norbert Zongo, tana tallafa wa ƴan jarida a kan irin wannan bincike.

Kar kuma a manta da rediyo, don can ne mutanenmu suke. Studio Kalangou tun 2016 take shirye-shirye da Hausa da sauran harsunan ƙasa, gidajen rediyon karkara suna ɗauka. Minti biyar da shugaban iyayen yara da wakilin hukuma a gaban makirfo guda, ana karanta musu lambar kwangila da kashin da aka biya, ya fi bidiyon da mutum dubu ashirin suka kalla suka wuce. Ku fara ɗaukar hoton wata-wata tun yanzu, kafin damina ta sauka ta ci bulon a ce ruwa ne ya ɓata aikin.